Tulunan Sarki Birasena a Tsakiyar Damina

An ce a wani zamani mai nisa, can ƙasar Hindu, an yi wani sarki mai suna Birasena wanda ya hau gado yana saurayi. Mahaifinsa ya rasu da bazara, lokacin da ake girke tulunan ruwa a bakin hanya don matafiya, masu zuhudu kuma suna zagaya wuraren ibada. Sai Sarki ya kafa doka: kada tulunan nan su bushe, kada mai zuhudu ya yada zango, har shekara ta kewayo, domin ladan ya isa ga mahaifinsa.

Aka ɗora wa Waziri Gunakara tsaron dokar. Shi kuwa mayaƙi ne, bai taɓa zama gaban malami ba.

Damina ta kankama, koguna suka cika. Masu zuhudu suka shige wata rumfa a bayan gari suka ƙi fita. Dogarai suka tasa ɗayansu gaba da ƙarfi, ruwa ya ci shi a mashigi. Sauran ko motsi. Sarki ya fusata, ya ce in ba su tashi ba kafin ranar kasuwa, a sare kan shugabansu, tsoho Padumaka.

Waziri ya tafi wurin Hiranya, babban malamin fada, wanda ya karanta masa cewa ziyarar wuraren ibada lada ce mai girma. Ya tafi wurin Padumaka, shi kuma ya karanta masa cewa mai zuhudu ya zauna wuri guda, kada ya tattake shuka da ƙananan halittu. Da ya tambayi sunan littafin kowannensu, ashe littafi ɗaya ne. Kan Waziri ya ɗaure tamau. Ya yi ta kai da kawowa, kowa na rantsuwa, har ya fara tunanin ko littafin ne mai baki biyu, ko kuwa kunnensa ne ya samu matsala.

Yana komowa a jiƙe sharkaf, ya tarar da bayin fada suna ɗura ruwa a tulunan da sama ta riga ta cika. Ya daɗe yana kallonsu. Bai gane littafin ba, amma ya ga akwai abin da bai yi daidai ba.

Kashegari ya faɗi gaban Sarki, ya roƙe shi ya fita ya shayar da mutane da hannunsa, wai ladan zai fi yawa. Sarki ya tsaya bakin hanya da moɗa, ana tsuga ruwa, kowa na wucewa da gudu. Daga ƙarshe wani farke ya karɓa don tsoro, ya sha haƙoransa na kaɗawa. Kunya ta rufe Sarki.

Nan take Waziri ya sa aka kawo malaman biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san karatu ba. Amma a sa kowannensu ya faro daga kan babi, kada ya tsinko daga tsakiya."

Padumaka ya fara da cewa idan hadari ya haɗu, har damina ta ɗauke. Hiranya ya yi ta gyaran murya, sannan a hankali ya karanta cewa idan hanyoyi suka bushe. Ashe kowane babi da lokacinsa: zama wuri guda na damina ne, ziyara kuwa ta rani.

Sarki ya tambaye shi ko dama ya sani. Hiranya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Kana cikin makoki, na ji tsoron in saɓa maka."

Sarki ya juya ga Padumaka, ya tambayi abin da mahaifinsa yakan yi da damina. Tsohon ya ce ai marigayin ne ya yi wa rumfar nan jinka, kullum kuma yakan aiko da shinkafa.

Aka janye dokar, aka kife tuluna sai bazara. Sarki da kansa ya tsaya aka yi wa wanda ruwa ya ci addu'o'in mamaci. Hiranya kuwa aka yanke masa ɗaukar shinkafa a ka zuwa rumfar kowace safiya har ƙarshen damina. Ranar farko Waziri ya raka shi, da suka isa ya tuɓe takobinsa, ya zauna gaban Padumaka, ya ce a faro masa littafin daga farko.