Mai Jita da Ƙyallen Matarsa

A wani ƙauye akwai wani manomi mai suna Barnaba, wanda Allah ya ba hannun kaɗa jita. Jitarsa mai tsirkiyar ƙarfe ce, in ya taɓa ta daga bakin coci sai masu ɗiban ruwa a rijiya su tsaya da guga a hannu. Ba a cikin coci kaɗai yake kaɗa ta ba. In ana gayya a gonar gwauruwa yana can, in matasa sun fita wa'azi ranar kasuwa yana gabansu, rana tana dukansa, gumi yana bin yatsunsa, shi kuwa sai dariya yake.

Barnaba yana son jitar nan ƙwarai. Da ya dawo gida zai goge katakonta har ya ga fuskarsa a ciki, ya yi maza ya sa ta a jaka, ya ja zif, ya rataye. Tsirkiyar kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tunanin goge ta ba.

Wata Lahadi a tsakiyar damina ya tashi zai ja waƙa, ya kaɗa, sai ya ji muryar jitar ta dusashe kamar ta mai mura. Ya ƙara ɗaure tsirkiya, ya sassauta, duk banza. Ya koma gida ransa a ɓace, ya ce, "Waje ne ya kashe mini ita. Daga yau ba ta ƙara fita ko'ina."

Ana nan sai aka aiko daga wani ƙauye a bayan dutse, inda masu bi ba su da gini, a gindin ɗorawa suke sujada. Wani tsoho a can, Baba Zakka, ya ba da gaskiya, za a yi masa baftisma a rafi ranar Asabar. Waƙar Barnaba ce ta fara tsayar da shi a kasuwa, don haka ya roƙa a kaɗa masa jitar nan sa'ad da zai fito daga ruwa. Barnaba ya sunkuyar da kai, ya ce a ba tsohon haƙuri.

Matarsa Briskila tana tsince wake tana jin su. Da ɗan aike ya tafi, ta sauko da jakar, ta yagi farin ƙyalle, ta zura shi ƙarƙashin tsirkiya ɗaya ta ja daga sama har ƙasa. Ƙyallen ya fito da baƙin layi da ja-ja.

Ta ce wa mijinta, "Baban Tabita, zo ka ga wajen da ya kashe maka jita."

Ya duba, ya ce, "Tsatsa ce. Ai abin da nake faɗa ke nan, raɓa da danshi."

Ta ce, "Raɓa ta yi nata, ban hana ba. Amma lashi bayan hannunka ka gaya mini."

Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Gishiri."

Ta ce, "To! Ni ko wuƙata ba na mayarwa kwando da ruwan gishiri a jikinta. Kai kuma kullum ka jiƙa ƙarfe da gumi, ka kulle shi a jaka ya kwana da shi, sa'an nan ka ce kasuwa ce ta yi maka laifi. Katako dai yana sheƙi, madalla."

Barnaba ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. Ya zauna ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙyallen, sama da ƙasa. Waɗansu suka farfaɗo. Waɗansu tsatsa ta riga ta ci su, sai ya kwance su ya ɗaura sababbi. Ya kaɗa, murya ta fito tar, har kaji suka watse.

Ranar Asabar ya haye dutsen da jita a bayansa. Da Baba Zakka ya fito daga ruwa ya ji amon nan, bai ko tsaya a ba shi mayafi ba, ya hau rawa da jiƙaƙƙiyar riga, mata suna guɗa, fasto ma yana tafi da wando a naɗe. Aka yi murna mai yawa a bakin rafin. Da aka kira Barnaba cin abinci, ya ce a ɗan jira shi. Ya zauna a inuwa ya goge tsirkiyoyinsa, ya bar su suka sha iska, kana ya rufe jaka ya je ya ci tuwo.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Jitar nan zuciyarka ce, Ubangiji kuwa bai ba ka ita don ka rataye a ɗaki ba. Dole ka fita makaranta, ka fita gona da kasuwa, kuma ba wanda yake fita ya dawo ba gumi. Ko aikin Allah ka je yi, za ka dawo da gajiya, da ɗan fushin wanda ya yi maka baƙar magana, da ɗan girman kai don an yaba maka. Gumin ba abin kunya ba ne. Ɓarnar tana zuwa ne in ka gyara fuska don mutane su gani, ka kulle sauran a ciki, ya kwana ya wuni har waƙarka ta mutu, ka ce mutane ne suka kashe ta.

Kada ka daina fita. In ka dawo, buɗe zuciyarka gaban Ubangiji cikin addu'a, ka faɗa masa duk abin da ka kwaso, ya share. In kuwa tsatsa ta riga ta ci wani wuri, kada ka karai, gama shi mai sabuntawa ne. A bayan wani dutse akwai mutumin da yake jiran ya ji waƙarka, kuma ba zai ji ta daga cikin jaka ba.