Shaidu Uku na Dagacin Gangara

An ce wata shekara malaman jami'a suka sauka Gangara, garin maginan tukwane, za su haɗa ƙamus na waya: a nuna hoton abu, mutum ya faɗi sunansa, a ɗauki muryarsa. Ƙa'idarsu, kalma ba ta shiga sai mutum uku sun tabbatar.

Dagaci Barau ya ji zancen murya, ransa ya yi fari. Ya ce shi zai yi, da fadawansa uku. Tsohuwa Tabawa kuwa, wadda duk sunayen kayan ginin tukunya ke bakinta, kada a kira ta, ba ta da haƙora, za ta kunyata gari.

Gwaggonsa Hansai ta same shi bayan la'asar yana gyaran murya. Ta ce, "Barau, zauna ka ji labarin Sarkin Ruwan Tungar Maje."

Ya zauna, don ba a yi wa Gwaggo musu.

Ta ce, "Shi ma irin baƙin nan ya yi. Gadon sarautar ya yi, bai taɓa jefa taru ba. Aka nuna masa hoton karfasa, ya ce tarwaɗa. Fadawa uku suka ce, 'Gaskiya ne, ranka ya daɗe!' Haka har kifi arba'in. Da ƙamus ya fito, masunta suka riƙa kunna muryar Sarki a bakin kogi suna kwanciya don dariya. Malamar da ta yi aikin ta dawo tana cewa ai ta bi ƙa'ida. Wani tsohon masunci, Ɗangoje, ya ce, ''Yata, bari in ba ki labarin kakan Sarkin nan.

"'Ran nan ya zo mashigi da damina, ya dubi ruwa ya ce iyakarsa gwiwa. Mutum uku na bayansa suka ce iyakarsa gwiwa. Ya shiga. Da ƙyar muka ciro shi, rawani ya tafi. Su ukun kuwa ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Ke ma baki huɗu kika ƙirga, 'yata, amma mutum ɗaya kika tambaya.'"

Gwaggo ta gyara carbinta. "Shi kakan, a garinsu kaɗai aka ga kunyarsa. Jikan kuwa yana cikin aljihun kowa."

Barau ya ce, "To ai ni na san tukwane, Gwaggo. A cikinsu na tashi."

"Madalla. Abin nan da mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, take daddaɓa cikin tulu da shi, yaya sunansa?"

Barau ya buɗe baki. Yana ganin abin a hannunta, har da yumɓun da ke maƙale a yatsunta, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya waiwayi fadawansa. Su ukun duk sun zuba masa ido, suna jira ya faɗa su ce gaskiya ne.

Sannan ya ce, "A tafi gidan Tabawa. A ce ina gaisuwa, ta zo ta faɗa wa baƙi sunayen, kuma a shimfiɗa mata buzuna."