Shamuwa da Shacin Ganuwar Gamji

An ce a zamanin da garuruwa ke fara tsayawa da ƙafafunsu, akwai wani gari da ake kira Gamji, sarkinsa kuwa sunansa Tunau. Mutum ne mai fara'a, sai dai akwai shi da gaggawa, in ya sa aiki a gaba ko tuwo sai ya huce yana jiransa. Garin ya cika ya batse, har mahara suka fara leƙowa, don haka aka yanke shawarar gina ganuwa.

Al'adarsu ita ce sarki da kansa zai ja garma ya shata inda ganuwa za ta bi, kuma da zarar bakin shaci ya haɗu da ɗan'uwansa, magana ta ƙare, ba mai sake shi. Tunau ya ja garma tun da safe, ya kewaye ko'ina, saura gabas. A gabas ɗin nan zangon baƙi yake, maƙera da marina da fataken gishiri, waɗanda suka zo cin rani suka zauna. Dattawan gari sun ce a yanke ta bayan gidajen 'yan asali, a bar zango a waje, don a gama aikin kafin damina ta kankama. Baƙin sun ji labari, har sun fara ɗaure kaya. Abin ya dami Tunau, don yana ƙaunarsu, amma doguwar ganuwa wa zai gina masa ita?

Ya jingine garma, ya zauna a gindin gamjin da garin ya ci sunansa, daidai bakin zango. A kan bishiyar akwai wata tsohuwar shamuwa mai zuwa kowace shekara gabanin ruwan farko, tun yana ƙarami suke wasan jika da kaka.

Ta leƙo ta ce, "Ranka ya daɗe, angona, yau kai ne da garma? Ashe hannun nan ya san wani abu ban da loma."

Ya yi dariya ya ce, "Kaka, bar ni da abin da ya ishe ni." Ya kwashe damuwarsa duka ya gaya mata.

Ta ce, "Ina jiye maka abin da ya kusa samun Akalla, ranar da danginsa suka tsare bakin ruwa."

Ya ce, "Me ya same shi?"

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Saurara ka ji. Mu shamuwa muna da yawo, kuma abin da kakanninmu suka gani daga sama ba ya ɓacewa a wurinmu. Can gabas mai nisa akwai wata ƙasa tsakanin manyan koguna biyu, inda ruwan sama ba ya isar shuka. Tun ba a san abin da ake kira birni ba, mutanen can suka gano dabarar haƙa magudana su jawo kogi zuwa gona. Akalla, shugaban wani ƙauye, shi da danginsa suka haƙa tasu, sha'ir ya yi kyau, rumbuna suka cika. Sai makiyaya da masaƙa suka gangaro daga tudu, suka roƙi wuri a gefen ruwan. Dangin Akalla suka ce atafau, wanda bai haƙa ba ba zai sha ba. Suka zuba samari da sanduna a bakin magudana.

"To, kogin nan yana da wani hali, kowace shekara sai ya cika magudanar da laka. Bara da ƙyar suka yashe ta, bana kuwa ta fi ƙarfinsu, ga rabin samarin suna can suna gadi. Shuka ta fara yaushi. Akalla na tsaye cikin laka har gwiwa, sai ga yayarsa Geme ta kawo musu abinci, mace mai kirki amma bakinta ba ya shiru. Ta dube su ta ce, 'Ƙanena, kun tuna mini da masu rumbun farko da kyanwa.' Ya ce, 'Yaya, ba ni labarin, ko bayana ya huta.'

"Geme ta ce, 'Lokacin da mutane suka gaji da bin namun daji suka fara shuka, wata mata ce ta fara gina rumbu. Hatsi ya taru, ɓeraye suka ji ƙanshi suka zo da 'ya'ya da jikoki. Ana nan sai ga kyanwar daji ta zo ta zauna a ƙofar gida. Mutane suka ce wannan ba tamu ba ce, ba mu san uwarta ba, suka bi ta da jifa. Kullum ta zo sai a kore ta, ɓeraye kuwa sai ƙiba suke yi, har sun daina gudu in sun ga mutum. Ranar da matar ta buɗe rumbu ta tarar da ƙaiƙayi zalla, ta zauna ta yi kukanta ta more, sannan ta zuba madara a sakaina ta ajiye a ƙofa. Kyanwa ta sha, ta shigo, ba ta sake fita ba. Shekarar da ta biyo baya, matar nan ce ta ba maƙwabta iri.' Geme ta tattara ƙorenta ta ce, 'Kowa ya tsaya kallon madarar da kyanwa za ta sha, ba wanda ya tuna da rumbun da za ta tsare.'

"Akalla ya yi dariya har ya zame ya zauna cikin laka. Nan take ya aika aka kira mutanen tudu, ya ce duk wanda ya yashe magudana ruwa nasa ne. Suka zo da kwanduna, maza da mata, ana waƙa ana kwasar laka. Da suka gama ba su tsaya nan ba, suka ja magudanar gaba. Makiyaya suka kawo gashin tumaki, masaƙa suka saƙa, masu kwalekwale suka kai tufafin wasu ƙasashe suka dawo da katako da tagulla. Ƙauyen ya zama birni, har garuruwa na aiko da gaisuwa suna neman shiga inuwarsa."

Shamuwa ta karkata kai ta dubi sarki da ido ɗaya, ta ce, "Akalla ya ɗauka ruwa ne ba zai ishe su ba, ashe hannuwa ne suka yi masa kaɗan."

Tunau ya yi murmushi ya ce, "Kaka, na gano ki. In na yanke yadda dattawa suka ce, gamjin nan waje zai faɗa, da shi da sheƙarki. Kanki kike yi wa yaƙi."

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, ai ni ma baƙuwa ce, da damina kaɗai kuke ganina. Amma ranar da kakanka ya iso nan da ƙunshin kaya a ka, yana jan akuya, a kan bishiyar nan ya same ni. Ban tambaye shi daga ina ya fito ba, inuwa na bar masa."

Maganar nan ta ratsa Tunau, kunya da farin ciki suka kama shi lokaci guda, har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe ya ɗauki garma, ya nufi gabas. Ya kewaye gamji, ya wuce maƙera, ya wuce marina. Baƙi suka ga inda shaci ya dosa, suka kwance kayan da suka ɗaure, maza suka shiga gaba suna share masa ƙaya, mata na biye suna guɗa. Da ya wuce bukka ta ƙarshe bai juya ba, sai ya ci gaba cikin fili fetal.

Gagare, babban dattijon gari, ya biyo shi yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ai ba kowa. Su wa za a kewaye?"

Tunau ya ce, "Baba, waɗanda ba su iso ba tukuna."

"To wa zai gina wannan uban tsawo?"

Sarki ya ce, "Waiwaya ka gani." Gagare ya waiwaya, ya ga mutanen zango kaf da fartanyu da kwanduna, wasu har sun fara kwaɓa ƙasa. Tsohon ya kama baki, sannan ya naɗe hannun riga shi ma.

Da la'asar bakin shaci ya haɗu da ɗan'uwansa. Tunau ya dawo gindin gamji jiƙe da gumi, ya ɗaga kai ya ce, "Na ji, Kaka, kuma na ɗauka. Ki saka ƙwanki hankali kwance, a cikin gari kike."