Salular Aisami da Idon Hashimu

Akwai wani mai gyaran moto, wato babur, a bakin tashar Gure, sunansa Aisami. Gwani ne a aikinsa, kowa ya sallama masa. Aibinsa ɗaya: zuciya a kusa. Hannunsa kan riga bakinsa magana, kuma ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Wata shekara bayan kaka, aka buɗe babban bikin baje kolin abinci da abin sha a birnin Damagaram. Matarsa Ummul Kulsum ta ji sanarwa a rediyo, ta matsa masa sai sun je. Ranar Asabar suka yi sammako, kafin azahar suna cikin filin bikin.

Fili ya cika ya batse. Ga kilishi an shimfiɗa kamar tabarmi, ga raguna ana gasawa ɗungurungum a kan garwashi, ga dambun zogale da burabusko, ga zoɓo da kunun aya cikin ƙanƙara. Hayaƙin tukubar masu tsire ya turnuƙe ko'ina, mutane na ta gogayyar kafaɗa.

Ummul Kulsum ta ce, "Baban Huda, ba ni salularka in ɗauko wa yara hoton ragunan can."

Lokacin Aisami na gardama da wani mai tsire a kan yaji. Ya zaro salular ya miƙa mata ko waiwayowa bai yi ba. Ita kuma ta kutsa cikin taro.

Da ya gama cin tsirensa ya shafa aljihu, ya ji wayam. Ya manta sarai da cewa shi ya bayar da hannunsa.

A gefensa akwai wani siririn magidanci riƙe da kwandon cukui, busasshen cukun madara. Sunansa Hashimu, makiyayi ne daga Kelle, ya kawo cukuin da matarsa ta yi don ya sayar. Turereniya ce ta sa ya goge Aisami da kafaɗa.

Aisami ya shaƙe masa wuyan riga. "Fito da ita!"

Hashimu yana da i'ina mai tsanani, in ya tsorata kuwa abin ƙaruwa yake. Ya buɗe baki, "Ma... ma... malam, ni... ni..."

"Kun gani ko? Rashin gaskiya ya hana shi magana!" Aisami ya kwaɗa masa mari, ya ɗaga murya, "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Kafin ka ce kwabo mutane sun yi caa a kansa. Wanda ke cin nama ya ajiye, wanda ke shan zoɓo ya yar da kofi. Babu wanda ya tambayi abin da aka sace. Wannan ya kai naushi, wancan ya kai ƙafa. Kwandon ya kife, aka tattake cukui cikin ƙasa.

Wata tsohuwa mai sayar da fura, ana ce mata Yabawa, ta taso tana ɗaga hannu. "Ƴaƴana, ku ji tsoron Allah! Ku lalube shi tukuna mana!"

Aisami ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan ƙwaryarta, ƙwaryar ta fashe.

Ya waiga ya fizgo itace daga gindin tukuba. Hashimu na durƙushe, ya ɗago fuska yana ƙoƙarin haɗa kalma ɗaya. Aisami ya sauke masa itacen a gefen fuska na hagu. Jini ya yi tsartuwa har kan rigar Aisami.

Wani daga baya ya yi ihu, "A kawo taya da esansi, a cinna masa wuta!" Nan da nan aka gangaro da wata tsohuwar taya.

Hayaniyar ce ta dawo da Ummul Kulsum. Da ta leƙa ta ga mijinta tsaye da itace, ta tambayi wata mata, aka ce mata an kama wanda ya sace masa salula. Ta kurma ihu, ta ratsa tsakiyar mutane, hannunta a sama.

"Ga ta nan! Wallahi ga ta a hannuna! Baban Huda, ai kai ka ba ni!"

Itacen ya suɓuce daga hannun Aisami.

Sai taron ya juyo kansa. Waɗanda suka fi kowa dukan Hashimu su ne suka fi zafin hannu a kan Aisami, kowa na neman wanke kansa. Suka kayar da shi, suka tattake shi, suka zubar masa da haƙora uku, suka karya masa haƙarƙari. Matarsa na kuka tana roƙo, babu mai jin ta. Sai da jandarmomi suka yi harbi sama kafin mutane su watse.

A asibiti aka kwantar da Aisami da Hashimu ɗaki ɗaya, gado kusa da gado. Aisami na ji da kunnensa likita ya ce idon Hashimu na hagu ya tafi, ba zai sake gani da shi ba.

Rana ta uku, yayan Hashimu mai suna Fadilu ya iso daga Kelle. Ya tsaya ya daɗe yana kallon fuskar ƙanensa a naɗe da bandeji. Sannan ya tambaya, "Wane ne?" Wani mai jinya ya nuna masa gadon gefe da baki.

Fadilu ya zaro wuƙa daga damtsensa, ya danne ƙirjin Aisami da gwiwa, ya ɗora masa kaifin a maƙogwaro. Aisami ya runtse ido, ko numfashin kirki ba ya iya yi.

Hashimu ya miƙo hannu ya kama gefen rigar yayansa. "Ya... ya... Yaya. Shi... shi bai tsa... tsaya ya ji ni ba. Kai... ka tsaya."

Fadilu ya tsaya. Maganar ta ɗauki lokaci tana fita guntu-guntu. Hashimu ya ce shi yana da ƴaƴa biyu, kuma yanzu ido ɗaya ya rage masa. In Fadilu ya yi kisa aka ɗaure shi, wa zai riƙe gidan, wa zai kai shanu rijiya? Kafin ya kai ƙarshe, Fadilu ya janye kaifin daga maƙogwaron Aisami. Ya mayar da wuƙarsa, ya fita waje yana share hawaye.

Kotu ta ɗaure Aisami shekara guda a gidan kaso. Da ya fito ya koma Gure, ya tarar rabin masu kawo masa gyara sun koma wani wuri. Bai yi ƙorafi ba. Mako guda da dawowarsa ya hau moto ya nufi Kelle.

Ya sami Hashimu zaune a gindin aduwa yana tufka igiya. Ya durƙusa ya ce, "Malam Hashimu, na zalunce ka. Ba ni da wata hujja. Ka yafe mini don Allah."

Hashimu ya ce, "Na... na yafe."

Aisami ya miƙa masa hannu. Hannun ya daɗe a miƙe, Hashimu bai kama ba, ya ci gaba da tufkarsa. Sai a lokacin Aisami ya gane cewa ta gefen hagu ya durƙusa. Hashimu bai ma ga hannun ba.

Ya tashi ya zagayo ta dama, ya sake miƙawa. Hashimu ya kama. Aisami ya kifa kai a kan hannun, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Kada ka yanke hukunci cikin fushi, kuma kada ka ɗaga hannu don kawai ka ji an ce "ɓarawo". Ka tsaya ka bincika, ka saurari wanda ake zargi ko da maganarsa na fita da ƙyar. Ana iya yafe maka, amma abin da hannunka ya lalata ba ya dawowa. Ku tura wannan labari ga ƴan'uwa da abokai, wataƙila ya hana wani ɗaukar itace a ranar da zuciya ta ɗebe shi.