Lifidin Bagudu

Na rantse ba za ku yarda da wannan ba, amma haka na tarar da shi a wani tsohon kundi, sai dai inda gara ta ci, nan na cike da kaina.

An ruwaito cewa a zamanin yaƙe-yaƙe, tun kafin zuwan Turawa, an yi wani tsoho a ƙauyen Rafin Gawo ana ce masa Bagudu. Ya je yaƙi da ƙuruciya, ya komo ya kama noman wata fadama da tsohon sarkin ƙasar ya ba shi, ya haifi 'ya'ya tara, ya rasu bai taɓa ba kowa labarin yaƙin ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, wani attajiri mai suna Madugu Tanko ya tafi fada ya roƙi fadamar, wai zai kafa wa jakunansa zango.

Sarki ya ce, "Na ji mahaifina yana faɗi ya ba da wata fadama ga mutumin da ya cece shi a yaƙin Baƙin Kogi, shi da zuriyarsa. Sunan ne ban riƙe ba. In Bagudu ne, a zo da shaida ran Alhamis. In babu, ta Madugu ce."

To, matar mamacin, Kuluwa, tana da ɗan wa ana ce masa Shekarau, ƙaton mutum mai gemu wanda ya bar allo a izu biyu, bai da sana'a sai ba da labari a gindin tsamiya. Da ya ji saƙon ya bugi ƙirji.

"Gwaggo, ki zauna abinki. Bakin nan nawa ya taɓa sayar wa Bafulatani nonon saniyarsa."

Ta ce, "Shi nake tsoro."

Ranar Alhamis Shekarau ya ari rawani, ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ganau ne. Ina ɗan saurayi na riƙe wa Baba Bagudu linzami. Da abokan gaba suka yi wa mahaifinka zobe, ya zaburi dokinsa, sara guda kai uku. Na ƙirga arba'in na gaji, don rana ta dame ni."

Fadawa suka yi ta jinjina kai. Shekarau ya ji daɗi, ya ƙara ashirin.

Waziri kuwa tsoho ne tukuf, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage daga wancan yaƙi. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam mai gemu, dokin wane iri ne?"

"Akawal, ranka ya daɗe, baƙi ƙirin. Ni nake yanko masa ciyawa."

Waziri ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, wanda ya ceci mahaifinka dakare ne, ko takalmi ba shi da shi. Bai sari kowa ba. An karya mu ne muna gudu, kibiya ta sami mahaifinka a kafaɗa, dokinsa ya kafe a taɓo. Mutumin ya goya shi ya ƙetare kogi, ya yi tafiyar yini da shi. Fuskarsa ban gane ba saboda laka. Amma da idona na ga mahaifinka ya tuɓe lifidinsa, rigar yaƙin nan mai kauri, ya ba shi."

Madugu ya yi murmushi. Shekarau ya duba ƙofa, ya tarar dogarai biyu sun cika ta.

Sai Kuluwa, wadda ashe ta biyo shi fada, ta matso da wani ƙunshi, ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san yaƙi ba. Abin da na sani, duk damina bayansa kan riƙe, amma haka zai ɗora yaro a wuya su tafi gona. Bai yarda 'ya'yansa su yi wasa da baka ba, ko na kara. Shekarar da na haifi tagwaye aka yi sanyi mai tsanani, ba mu da bargo. Ya sauko da wata riga mai kauri daga rataya, ya farke ta, ya ɗinka musu shimfiɗa. Na ce rigar wa ce? Ya ce ta wani mutum ce mai nauyi. Yara bakwai sun kwanta a kanta, sun yi mata abin da yara ke yi. Ka gafarce ni da warin."

Waziri ya karɓa yana juyawa, har yatsansa ya shige wata huda da aka zagaye da jan zare, gefenta da tsohon tabo wanda wanki bai fitar ba. Ya nuna wa Sarki hudar. Sannan ya ce, "Nan kibiyar ta shiga."

Sarki ya sa hannu biyu ya karɓi tsumman, ya ce fadama ta gidan Bagudu ce muddin akwai mai tsayawa a cikinta, Madugu ya nemi wa jakunansa wani wuri. Ya ce wa fadawa su lura, ƙaryar da aka yi don a ɗaukaka mutumin ta kusa raba 'ya'yansa da abinci, abin da ya yi da gaske kuma ya fi ta girma.

Shekarau ya ɗaga murya, "Ai abin da nake shirin faɗi ke nan, Waziri ya tari numfashina."

Sarki ya ce, "Madalla. Tunda hannunka ya saba da yankan ciyawa, damina biyu kai za ka nome wa gwaggonka fadamar nan."

Kuluwa ta ɗaure ƙunshinta ta ce, "Ka mayar wa mai rawani rawaninsa tukuna. Fartanya tana bayan rumbu."