Gizo da Ƙahon Kiran Dila

"To, a daina mutsu-mutsu haka nan. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Farkon kaka ne, gero ya nuna, an fara cin tumu. Dila ya sa wa gidan Gizo ido. Cikin kaji tara na matarsa Ƙoƙi ya ɗauke takwas, saura wata wake-wake mai kwanci a kan ƙwai. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in wannan ta tafi, ni ma na tafi gidanmu. Ka dafa wa kanka." Gizo kuwa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, sai hankalinsa ya tashi.

Ya ruga wurin Baba Jatau maharbi. Tsohon ya ba shi aron wani ɗan ƙahon gada, wanda in an busa yake kuka kamar zomon da tarko ya kama. Ya ce, "Ka zauna iska tana bugun fuskarka. Ka busa sau uku a hankali, sai ka yi shiru. Shirun ne yake kawo dila. Ka ji?"

"Haba Baba, ai tun ina goye na san wannan."

Ƙarya yake yi, bai ma saurara da kyau ba, idonsa na kan ƙahon.

Da safe ya cika cikinsa da ɗumamen tuwo, ya ɗau kwari da baka, ya laɓe a bakin gona, iska tana bugun ƙeyarsa. Ya busa. Dila ya taho sumumu, ya shinshina, ya tsaya daga nesa ya ce, "Sannu zomo. Yaushe ka fara shan miyar daddawa?" Ya juya abinsa.

Kashegari Gizo ya fuskanci iska. Ya busa sau uku, sai abin ya yi masa daɗi a kunne. Ya ƙara, ya ƙara, har ya shiga karya murya kamar mai algaita a gidan biki. Dila ya leƙo daga cikin gero yana rausaya, ya ce, "Zomo, da wannan kiɗan za ka mutu? Allah ya ba mu irin mutuwarka!" Ya wuce yana dariya.

Rana ta uku Gizo ya fusata. Ya ce laifin tsohon ne da ya ce a hankali. Ya kumbura kumatu, ya yi ta busa iya ƙarfinsa ba tsayawa, har kukan zomo ya koma na ɗan maraƙi. Sai ga Kura ta ɓullo tana dalalar da miyau.

"Gizo, ina maraƙin?"

"Wane maraƙi, ranki ya daɗe?"

"To, in babu, kai ma za ka yi."

Gizo ya yar da baka, ya yi tsalle ya haye tsamiya. Kura ta miƙe ƙafafu a gindin itacen. Shi kuwa wawan, maimakon ya yi tsit, sai ya ci gaba da busa wai ko Baba Jatau zai ji.

Can da azahar sai ga Dila, ciki ya yi tim, gashin wake-wake maƙale a bakinsa. Ya gai da Kura, ya ɗaga kai ya ce, "Gizo, na gode. Da sai na yi ta laɓe-laɓe ina duba ko kana gida. Yau kuwa muddin ƙahon nan na kuka, na san inda kake. Har ƙwan na shanye a natse."

Sai da yamma Kura ta gaji ta tafi. Gizo ya sauko ya koma gida, ya tarar da akurki wayam, murhu ba wuta, Ƙoƙi ta yi gaba har da tukunyarta. Ni dai ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Kun ji dai. Wanda bai iya yin shiru ba, da bakinsa yake gaya wa maƙiyinsa inda yake. In babba yana koya muku abu, ku saurara har ƙarshe, ban da "ai na sani".

Ƙungurus kan ɗan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.