Ranar da Dokta Ya Ninka Zinariya

A shekarun baya an yi wani masanin haɗa sinadarai da kowa ke kira Dokta. Mutum ne mai ƙwazo da sakin hannu, sai dai yana da hali guda: in ya yanke magana, ba ya son a ce masa a'a.

Ɗakin gwajinsa ƙarami ne, taga biyu, famfo mai ɗiga, da wata tsohuwar tanda da sai an mare ta take kamawa. A nan ya shekara goma sha bakwai tare da Yaya Mai Awo, dattijuwar da ke auna masa komai. Aikinsu haɗa wata hoda da ake sawa a matatar iska don ta kashe gubar hayaƙi. Sukan narkar da zinariya ta zama ruwa rawaya, su ɗiɗɗiga a kan farar hoda, su wanke, su gasa. In zinariyar kaɗan ce, sai ta watsu ƙanana-ƙanana yadda ido ba ya gani, hodar ta fito shunayya. A jikin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne gubar ke mutuwa. Duk ranar da ta yi kyau, su biyun sukan zauna bakin taga su sha shayi.

Wata rana shugabannin ma'aikatarsu suka aiko cewa Litinin za su zo ganin aikin. In bai gamsar da su ba, a rufe ɗakin.

"Yaya, ninka zinariyar sau biyar," in ji Dokta.

Ta sauke tabarau. "Sau biyar? Ƙanena, aure za ka yi wa hodar?"

"Manya ne za su zo. Ba zan nuna musu abin tsiya ba."

"In ta yi yawa dunƙulewa take a wuta, ni da kai muka gani. Mu yi rabi irin na kullum, rabi irin naka."

"Ni na yi karatun ko ke?"

Ta yi bismillah, ta juye masa duk abin da ke cikin kwalbar zinariyar.

Da aka buɗe tanda, hodar ta fito launin ƙasa. Dokta ya gani, amma ya ce hasken ɗakin ne. Ranar Litinin aka tura hayaƙi cikin matatar, kowa ya zuba wa allurar ma'aunin guba ido ta sauka. Ta ɗan motsa, ta tsaya cak. Aka jira. Wani cikin baƙin ya duba agogonsa. Ba sauran zinariya, balle a sake. Wata bai ƙare ba aka sa wa ɗakin kwaɗo.

Sai da ya yi furfura sannan ya iya taka ƙofar gidan Yaya. Ya same ta a kan darduma, idanunta sun yi rauni.

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe tun a ranar. Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar baƙo." Ta miƙa masa kofin shayi. "Sukari nawa?"

Ya karɓi kofin. "Ke za ki auna."

Jama'a, Allah ya sanya wa kowane abu gwargwadonsa, har zinariya in ta wuce kima ɓata aiki take. Kuma wanda ya daɗe tare da kai, in ya ce ka dakata, to ka dakata ka ji shi, ko da ka fi shi takarda. Allah ya raba mu da girman kai.